Mai Amalanke da Surukan Shugaba

Ranar 17 ga Disambar 2010, wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Mohamed Bouazizi ya turo amalankensa na kayan marmari zuwa bakin titi a garin Sidi Bouzid na ƙasar Tunisiya, kamar yadda ya saba kullum. Ma'aikatan hukumar gari suka tare shi, suka kwashe kayan, suka haɗa har da sikelinsa. Wanda ke sayar da kaya a kan awo kuwa, in ka raba shi da sikeli ka raba shi da sana'ar baki ɗaya. Ya nufi ofishin gwamna ya kai kuka, aka rasa mai sauraronsa. Nan ƙofar ofishin ya cinna wa kansa wuta. Ya rasu ranar 4 ga Janairun 2011, bayan kwana goma kuma Shugaba Zine El Abidine Ben Ali, wanda ya shekara 23 a kan mulki, ya tsere zuwa Saudiyya.

Wannan ɓangaren labarin ya zaga duniya. Wanda ba a cika ji ba shi ne abin da aka tarar da aka buɗe takardun gwamnati. Sabbin hukumomi sun ƙwace dukiyar Ben Ali da ta danginsa da surukansa, sai masu bincike na Bankin Duniya suka bi diddigin kamfanoni 220 daga ciki, suka fitar da sakamako a 2014. Waɗannan kamfanoni su ke kwashe kusan kashi 21 cikin 100 na duk ribar da kamfanoni masu zaman kansu ke samu a ƙasar, alhali ma'aikatan da suka ɗauka ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ba su fi kowa iya kasuwanci ba. Sun taru ne a fannonin da ba a shiga sai da izinin gwamnati, irin su sadarwa da sufuri, kuma sau da yawa in dangin shugaba suka shiga wani fanni, sai ga sabuwar doka ta ƙara tsaurara wa na baya hanyar shigowa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

To, mai amalanken nan da surukan shugaba duk sunansu 'yan kasuwa. Duk suna neman riba, duk suna da wayo da naci. Gwamnati ɗaya ce kuma a kansu, ta kasance wa ɗaya katanga, ta kasance wa ɗayan tsani. A nan nake ganin ya kamata a fara duk wata magana kan yadda sana'a da shugabanci ke shafar jin daɗin rayuwar mutane a ƙasashe masu tasowa, domin an saba raba su biyu, a yi taron bunƙasa sana'o'i yau, a yi na shugabanci nagari gobe, kamar ba su san juna ba.

A 1990 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, William Baumol, ya kawo wata hujja da har yau ban ga an kayar da ita ba. Ya ce masu hazaƙa da ƙwazon neman na kansu akwai su a kowace al'umma, a kowane zamani. Abin da ke bambanta shi ne inda suke zuba hazaƙar. In ƙasa ta tsara al'amuranta yadda arziki ke zuwa ta hanyar ƙera abu ko sauƙaƙa wa mutane wata wahala, can za su nufa. In kuwa arziki yana ƙofar ofishin mai ba da lasisi ne, ko a kwangilar da ba za a yi ba, ko a rangwamen kuɗin fito da ake ba wa na jiki, to can ɗin za ka same su, da irin ƙwazon da za su iya gina masana'anta da shi. Ya ba da misali da tsohuwar daular Sin, inda yaro mai ƙwaƙwalwa yake ƙarar da ƙuruciyarsa wajen karatun jarrabawar shiga aikin sarki, domin nan daraja da dukiya suke, ɗan kasuwa kuma kullum dukiyarsa tana cikin haɗarin ƙwace. Ruwa gangare yake bi, mai mulki kuma shi ke haƙa magudanar.

Shi ya sa nake jin wani iri duk lokacin da wani jami'i ya hau mumbari yana cewa matsalar matasan ƙasarsa ita ce ba su da zuciyar dogaro da kai. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a sana'o'i da ayyukan da ba su da rajista, a Afirka kuma adadin ya kusa kashi 86. A ƙasashe irin su Amurka da Norway, masu cin gashin kansu ba su kai ɗaya cikin goma na ma'aikata ba. Da yawan masu sana'ar kansu shi ke kawo arziki, da ƙasashe matalauta ne ke kan gaba. Gaskiyar ita ce yawancin waɗannan mutane larura ce ta tura su. Matar da ke kasa kaya a bakin hanya da jarin da bai wuce cinikin yini biyu ba, hannu baka hannu ƙwarya take, kuma da za ta samu aikin albashi mai tabbas, da gudu za ta karɓa. Kiran ta jaruma a taron ƙara wa juna sani ba ya biya wa ɗanta kuɗin magani.

Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa ƙaramar sana'a ba ta girma. Me ya sa kafinta mai yara biyu zai shekara ashirin da yara biyun nan, ga shi kuwa aikinsa na da kyau, masu saye suna nemansa?

A 1983 masanin tattalin arziki Hernando de Soto da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a Lima, babban birnin Peru. Suka kafa ƙaramin shagon ɗinki, suka ɗauri niyyar yi masa rajista ta hanyar doka tun daga farko har ƙarshe. Sai da suka kwana 289 suna zarya daga ofis zuwa ofis. An nemi cin hanci a wurinsu sau goma, sau biyu kuma dole suka bayar don ba wata hanyar wucewa. Talakan da ke ciyar da iyalinsa da cinikin yau ba shi da kwana 289 na zubarwa. Sai ya zauna a bayan fage. Zaman bayan fage kuwa yana da tsadarsa: banki ba ya ba shi rance, babban kamfani ba ya ba shi aiki, in an cuce shi ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali. Mafi muni, yana koyon cewa fitowa fili haɗari ne. Ba ya kafa allo a ƙofar shago, ba ya sayen babban inji, domin ranar da ya yi ƙiba a ido, ranar masu rasit iri-iri za su fara sallama. Sai ya ɓoye ribarsa a fili ko dabba, abin da ba ya ɗaukar kowa aiki.

Akwai kuma batun amana. Inda shari'ar bashi ke shekara da shekaru a kotu, mutum ba ya haɗa jari sai da ɗan uwansa, ba ya ba da kaya bashi sai ga wanda ya san gidansu, ba ya damƙa akwatin kuɗi sai ga ɗan cikinsa ko da bai iya lissafi ba. Kamfani sai ya tsaya daidai inda dangi suka ƙare. Ƙara da wutar lantarki da ba ta da tabbas, da hanyar da ke cinye kwana uku a tafiyar yini, da kuɗin ƙasa da ke zubewa tsakanin ranar da ka sayar da ranar da za ka sake saro kaya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ɗan kasuwa zai gyara da ƙwazonsa.

Wannan ne ma ya rage wa ƙananan rance armashi. Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki, ya fara bayar da irin wannan rance ne a 1976 a ƙauyen Jobra na Bangaladesh, da dala 27 da ya ranta wa mutum 42, abin ya girma ya zama bankin Grameen a 1983, ya kai su ga lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. An ɗora wa tsarin buri mai yawa. Amma da aka fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida a 2015, waɗanda aka yi a Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko, sai aka ga rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, yana ba iyali damar jure ranar tsanani, amma bai ɗaga matsakaicin kuɗin shigar gidaje yadda aka zata ba. Da babu gara ba daɗi, sai dai in ka ba mata goma a layi ɗaya jarin sayar da abu iri ɗaya ga maƙwabtan da su ma ba su da kuɗi, ribar ce kawai za su raba.

Kafin a ci gaba, ya kamata a tsaya kan abin da ake nufi da jin daɗin rayuwa, don a nan ma ana yawan ruɗuwa. Mahbub ul Haq ɗan Pakistan da Amartya Sen ɗan Indiya su suka tsaya kai da fata cewa yawan abin da ƙasa ke samarwa bai isa ma'auni ba. Daga nan aka samu ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, mai duba tsawon rai da ilimi tare da kuɗin shiga. Ekwatoriyal Gini ta samu man fetur a shekarun 1990, in aka raba kuɗin bisa yawan jama'a ta shiga sahun gaba a Afirka, amma lafiyar jama'arta da karatun 'ya'yansu ba su bi sawun kuɗin ba. Kosta Rika kuwa, wadda ta rushe rundunar sojinta a 1948 ta mai da hankali kan asibiti da makaranta, mutanenta suna kai wa kusan shekara 80, sun ma ɗara Amurkawa da suka fi su kuɗi nesa ba kusa ba. Ni zan ƙara da abin da ba ya shiga lissafi cikin sauƙi, wato mutunci. Bouazizi ya saba da talauci tun yana yaro. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wulaƙanci da rashin wurin kai ƙara.

Misalin da ya fi nuna min ƙarfin sauya doka a kan mutanen da ba su sauya ba ya faru ne a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui a ƙasar Sin. A ƙarshen 1978 manoma 18 suka haɗu a ɓoye a wani ɗaki, suka rubuta yarjejeniya cewa za su raba gonar gandun gwamnati a tsakaninsu, kowane gida ya noma nasa, ya biya hukuma kasonta, ya riƙe saura. A lokacin wannan babban laifi ne. Saboda haka suka sa a takardar cewa in an ɗaure wani ko an kashe shi, sauran za su riƙe masa 'ya'yansa har su kai shekara 18, kowa ya dangwala yatsa. Yankin ya sha yunwar 1959 zuwa 1961, sun san abin da suke gudu. Damina ɗaya aka yi, amfanin gona ya ninka na shekarun baya. Ƙasar ita ce dai, fatanyun su ne, manoman su ne. Maimakon a hukunta su, gwamnatin Deng Xiaoping ta rungumi tsarin ta baza shi a ƙasa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa cikin shekara arba'in da suka biyo baya, kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci a Sin. Biyetnam ta bi irin wannan hanya daga 1986, zuwa 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta koma mai fitar da shinkafa waje.

A nan akwai abin da ke damun masu wa'azin shugabanci nagari, kuma bai kamata a kauce masa ba. Sin ta wancan lokaci ba ta da zaɓe, ba ta da kotu mai cin gashin kanta, cin hanci kuma bai ƙare ba. Ba ta cika jerin sharuɗɗan da hukumomin ba da lamuni ke rubutawa ba. Abin da ta ba manomi da mai ƙaramar masana'anta abu ɗaya ne mai nauyi: tabbacin cewa abin da ya samu zai kwana a hannunsa, da kuma jami'an lardi waɗanda ƙarin girmansu ya rataya a kan bunƙasar yankinsu. Ban kawo wannan don wanke mulkin kama-karya ba. Tsarin da ba a iya ce wa shugaba ya yi kuskure shi ya jawo yunwar da ta kashe miliyoyi a ƙasar tun farko, Sen kuma ya daɗe yana nuna cewa ba a ga babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yan jarida masu 'yanci ba. Abin lura dai shi ne ƙasa ba ta buƙatar ta gyara komai kafin ta motsa. Tana buƙatar ta gano ƙullin da ya fi shaƙe mutanenta, ta kwance shi, ta kuma cika alkawari.

Bangaladesh ta nuna fuska biyun lamarin a masana'anta guda. A 1979 wani tsohon jami'in gwamnati, Noorul Quader, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, wanda ke neman wata ƙasar da zai riƙa ɗinki daga cikinta saboda an ƙayyade wa Koriya yawan tufafin da za ta shigar kasuwannin Amurka da Turai. Kamfaninsa, Desh, ya tura ma'aikata 130 Koriya suka koyo aiki. Cikin shekarun da suka biyo, 115 daga cikinsu suka bar shi suka kafa nasu kamfanonin ko suka jagoranci wasu. Ga Quader wannan asara ce, ga ƙasar kuwa iri ne aka watsa. Gwamnati, duk da rauninta, ta yi abu biyu masu amfani: ta bar masu ɗinki su shigo da yadi ba kuɗin fito muddin za a ɗinka a fitar, ta kuma yarda su sayo kayan aiki bashi da takardar odar mai saye a matsayin jingina. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, suna ɗauke da ma'aikata wajen miliyan 4, mata ne da yawa a ciki. Bincike ya nuna cewa 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antun sun fi daɗewa a makaranta, domin iyaye sun ga karatu na da inda zai kai. Irin wannan kasuwanci ne ke sauya rayuwa, wanda mutum ɗaya zai kafa ya ɗauki ɗari biyar aiki.

Sai ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga tsaga a jikin bangon wani bene mai hawa takwas, Rana Plaza, a Savar kusa da Dhaka. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, suka sallami mutanensu. Masu ɗinki a saman kuwa aka ce su dawo aiki washegari, wasu har da barazanar hana albashi. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, sama da 2,000 suka jikkata. An ƙara hawa a kan ginin ba da izini ba, an ɗora manyan injinan wuta a bene da ba a gina shi don masana'anta ba, mai shi kuma na hannun daman 'yan siyasar yankin ne. Gwamnatin da ta iya sakar wa kasuwa mara ita ce ta kasa aika mai duba gini wanda ba za a toshe masa baki ba. Duk mai cewa maganin kawai shi ne hukuma ta janye hannunta daga komai, ya tuna da wannan bango.

Kenya ta gwada tsaka-tsaki. Da kamfanin sadarwa na Safaricom ya fito da tsarin aika kuɗi ta waya mai suna M-Pesa a 2007, babu dokar da ta san aika kuɗi ta wayar hannu. Babban bankin ƙasar bai hana ba, bai kuma rufe ido ba: ya bari a fara, da sharaɗin kuɗin jama'a su zauna a asusun amana a banki, ba a aljihun kamfanin ba. Bankuna suka yi ƙorafi, aka bincika, aka bar shi ya ci gaba. Wani nazari da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, tasirin kuma ya fi yawa a gidajen da mata ke riƙe da su.

Botswana kuma darasinta ta ɗaya gefen ne. Ta samu 'yanci a 1966 da kwalta da ba ta wuce kilomita 12 ba. Da aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, a yankin ƙabilar Shugaba Seretse Khama kansa, sai ya tsaya a kan cewa ma'adinai na ƙasa ne baki ɗaya. Kuɗin suka tafi hanyoyi da makarantu da asibitoci, da cutar ƙanjamau ta yi mata kamun kazar kuku kuma, ta fara raba magani kyauta a 2002. Shugabanci ya yi nasa. Amma haƙar lu'ulu'u ba ta ɗaukar mutane da yawa, kamfanoni masu zaman kansu kuma ba su yi ƙarfin da za su kwashe matasa ba, rashin aikin yi ya zauna sama da kashi 20 cikin 100. A zaɓen 2024 jama'a suka kayar da jam'iyyar da ta shekara 58 tana mulki, ta kuma miƙa ba tare da tashin hankali ba.

Wani abin da ke ɗaure sana'a da mulki wuri guda shi ne haraji. Gwamnatin da ke cin abinci daga rijiyar mai ko ramin ma'adini ko tallafin waje ba ta damu ƙwarai ko mai shago ya ci riba ba, don ba daga gare shi take samu ba. Wadda kuwa albashin ma'aikatanta ke fitowa daga aljihun 'yan kasuwa da ma'aikata, dole ta so su yi ƙiba, su kuma suna da bakin tambayar ina kuɗinsu suka shiga. Sai dai ba wanda ke son biya in bai ga hanya ko wuta ba, hukuma kuma ba ta iya yin hanya in ba a biya ba, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara. Gyaran takarda kaɗai ba ya warware wannan. Shekara da shekaru ƙasashe suna rige-rigen hawa jadawalin sauƙin kasuwanci na Bankin Duniya, wasu suna gyara daidai abin da ake aunawa su bar sauran, har bankin ya dakatar da rahoton a Satumbar 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Ana iya rage kwanakin rajista zuwa uku a rubuce, jami'in da ke tsaye a bakin kasuwa bai ji labari ba.

A Tunisiya an kori Ben Ali, an ƙwace kamfanonin, an rubuta sabon tsarin mulki a 2014, an yi zaɓuɓɓuka da duniya ta yaba. Amma yawancin dokokin neman izini da suka yi wa surukan shugaba rumfa sun daɗe a wurinsu bayan tafiyarsa, wasu suka gaji inuwar. Rashin aikin yi tsakanin matasa, musamman masu digiri da mazauna garuruwan cikin ƙasa irin su Sidi Bouzid, bai sauka ba. Ranar 25 ga Yulin 2021, da Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisar dokoki ya tattara iko a hannunsa, dubban mutane ne suka fito titunan Tunis cikin dare suna murna.